Tambayi Gwaggo: Biskit ɗin da aka ce babu sukari a ciki

Wannan makon kamar kun haɗa baki. Wasiƙu sun taru a kan biskit ɗin nan da ya cika WhatsApp da kantunan cikin garin Maradi, wanda ake rubuta wa "sans sucre" da "sans gluten", wato marar sukari da marar gulutin, da manyan baƙaƙe. Na zaɓi waɗanda zan iya amsawa, sauran ku yi haƙuri.

Gwaggo, an auna Babanmu an ce yana da ciwon sukari. Shi kuwa tun muna yara ba ya shan shayin safe sai da biskit. Yanzu mun hana shi, duk ya bi ya rame, ba ya ko son magana. Na ga wata na sayar da biskit marar sukari marar gulutin, kwali ɗaya jika 4. In saya masa? Ina tsoron kada in cuce shi da hannuna. Daga ɗiyarki a Ali Ɗan Sofo.

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ya ba Baba lafiya. Kwantar da hankalinki, dattijon da aka raba da abin da ya saba shekara da shekaru dole ya yi fushi, ba ke kika yi laifi ba. Amma riƙe jika 4 ɗinki tukuna.

Maganganu uku ne ake cuɗawa wuri ɗaya don a ruɗa mai saye: marar gulutin, marar sukari da mai ƙarancin sitaci, kuma kowace da ma'anarta. Gulutin shi ne danƙon nan na garin alkama, wanda ke sa kwaɓin fanke da na burodi ya yi ta miƙewa in an ja shi. Yana cikin alkama da sha'ir da danginsu. Ba ruwansa da ciwon sukari ko kaɗan. Masu yin biskit in sun cire alkama, galibi garin shinkafa ko sitacin masara ko na dankali suke zubawa a madadinta. Garin alkama giram 100 na da sitaci wajen giram 75, na shinkafa kuwa wajen 80. Kin ga an gudu ba a tsira ba. Shi sitaci da ya shiga ciki sukari yake komawa, ko da harshe bai ji zaƙi ba. "Sans sucre" kuma a ƙa'ida yana nufin sukarin da ke ciki bai wuce rabin giram ba a cikin giram 100, bai ce komai ba game da garin. Akwai ma ƙanensa mai wayo, "sans sucres ajoutés", wato ba su ƙara da hannunsu ba, amma wanda ke cikin kayan haɗin yana nan.

Na ukun, wato mai ƙarancin sitaci, shi ne kaɗai ya shafi Baba. Juya kwalin ki dubi ɗan teburin da ke baya. Nemi layin "glucides", wato sitaci da sukari gaba ɗaya, na giram 100. In kin ga 60 ko 70, biskit ne irin na kowa, an dai canja masa riga. In bai kai 20 ba, to ana iya magana. Ko shi ɗin ma guda ɗaya ko biyu da shayi marar sukari, kuma ki kai kwalin wajen lokotoron da ke duba shi ya gani. Ramar da kika ce yana yi ita ma ki faɗa masa, kada ki ɗora ta duk a kan fushi, sukarin da ya hau da kansa yana ramar da mutum.

Gwaggo, na daina cin duk abin da ke da gulutin don in rage tumbi. Na bar fura da tuwon gero wata biyu ke nan. Me zan ƙara bari? Wani saurayi daga Zariya.

Ka ƙara barin sauraron wanda ya gaya maka haka. Gero ba shi da gulutin, dawa ba ta da shi, haka masara da shinkafa da wake da rogo. Kakanninka sun rayu a kan abincin da Turawa ke biyan kuɗi mai yawa yanzu don su samu, kai kuma ka bar shi ka koma sayen kwali. Tumbinka lemun kwalba ne da shayi mai ƙwayar sukari biyar da hawa kabu-kabu daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Taka da ƙafa.

Gwaggo, na sayi wani gato a roba wajen wata mai talla a waya, an manna takarda an rubuta "na masu diyabet". Mijina ya ci huɗu, da muka auna da yamma sukarinsa ya haura giram 2 da rabi a litar jini. Na kira ta, ta ce na'urarmu ce ta lalace. Wata Hajiya daga Sabon Gari.

Hajiya, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Nan fa za ku bar ni in yi magana, don abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Takardar mannawa nawa take? Duk mai ƴan kuɗi kaɗan zai shiga shagon masu kwamfuta a buga masa abin da ya ga dama, har da hoton ganye kore da zanen zuciya. Ba wanda ya auna gaton nan, ba wanda ya tambaye ta me ta zuba. Wata ma ba mugunta ba ce, jahilci ne: ta cire farin sukari ta zuba zuma ko niƙaƙƙen dabino, a ranta ta yi aikin lada. Zuma kuwa kashi 80 cikin 100 sukari ce, busasshen dabino wajen kashi biyu cikin uku. Jinin mijinki ba ya tambayar sukari daga ina ya fito. Wata kuma ta san abin da take yi sarai. Ta ga ciwon ya yi yawa a gari, ta ga iyalai cikin tsoro, abin nema ya samu. Mai tsoro ba ya taya kaya, ko nawa aka ce zai miƙa.

Ku yi lissafi da kanku. Biskit na gaske mai ƙarancin sitaci, irin wanda ake yi a Turai da Amurka, da garin amand ake yin sa ko garin kwakwa. Amand ɗan itace ne da mafi yawansa daga Kaliforniya yake fitowa, ko a can ma yana da tsada. Ya hau jirgin ruwa, ya sauka, ya hau mota, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sai sun yi dogon zagaye kafin su iso mana. Sannan wata ta ce miki ta yi gato da garin amand zalla, roba cike dala 200? Ko dai tana rabon sadaka ne, ko fulawa ce. Ni ban taɓa ganin ɗan kasuwar Maradi da ya fito don ya faɗi ba.

Na kanti ma ba su tsira ba. Ni kaina an taɓa yi mini. Na saya wa yayata kwali a wani shago, sai a gida na lura kwanan watan lalacewa a kan wata ƴar takarda yake. Da na ɓanɓare, na ƙasa ya wuce da wata bakwai. Da na buɗe, warin tsohon mai ya buge ni. Irin wannan biskit maiƙo ne ya yi masa yawa, zafin Afrilu da Mayu na garin nan kuwa ba ya ɗaga wa maiƙo ƙafa, balle a shagon kwano marar fanka. Na mayar, mai shagon ya ce haka ya sayo shi ma. Wataƙila gaskiya ya faɗa, amma kuɗina ba su dawo ba.

Don haka ni ga dokokina, wanda ya so ya bi. Kwanan wata a jikin leda ko kwali nake son ganinsa, bugun masana'anta, ba manne ba. Dole a ga sunan kamfani da adireshinsa. In daga Nijeriya ya shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, a nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta can, duk da ita ma ɓarayi na kwaikwayonta, rashinta dai ya isa dalilin ajiyewa. Sai jerin kayan haɗi, wanda a ƙa'ida ake farawa da abin da ya fi yawa. In na farko "farine de blé" ne ko "farine de riz" ko "amidon", wato garin alkama ko na shinkafa ko sitaci, magana ta ƙare. In kin ga "sirop de glucose" ko "maltodextrine", sukari ne ya yi baɗ-da-kama, maltodextrine ma tana ɗaga sukarin jini da sauri kamar farin sukari ko fiye. Abin da ba shi da jerin kayan haɗi gaba ɗaya, kada ya shiga bakin marar lafiya, ko ƴar'uwarki ce ta yi shi, sai in kin tsaya a madafa kin ga abin da ta zuba.

Na'urarki kuwa kada ki yarda a ɗora mata laifi. In kina shakka, je farmasi ko likita a auna a gabanki a gwada da taki. Ita ce shaidar da ba ta karɓar toshiya: a auna kafin cin sabon abu, a sake aunawa bayan awa 2.

Gwaggo, na ci rabin kwalin biskit marar sukari, cikina ya kwana yana kuka, na yi ta zarya bayan gida. Guba ce? Wata ɗaliba daga jami'a.

Ba guba ba ce, haɗama ce. Duba baya za ki ga "maltitol" ko "sorbitol". Kayan zaƙi ne da hanji ba ya shanye su duka, in sun yi yawa sai kumburi da gudawa. A kwalayen Turai har gargaɗi ake rubutawa a kan haka da ƙananan baƙaƙe, ba ki karanta ba. Masu ciwon sukari kuma su sani maltitol na ɗaga sukari, ko da bai kai farin sukari ba. Stevia da érythritol su ne ba sa ɗagawa.

Gwaggo, ba ni da jika 4 na biskit. Akwai wanda zan iya yi a gida wa Innata? Daga Tibiri.

Wannan ita ce tambayar da nake jira. Muna zaune a ƙasar gyaɗa da riɗi muna hangen amand na Amurka! Gyaɗa giram 100 sitacinta da sukarinta da zarenta duka wajen giram 16 ne, kusan rabi kuma zare ne da jiki ba ya narkarwa. Samu soyayyar gyaɗa ki kai a niƙa ta yi laushi. Kofi ɗaya, ƙwai ɗaya, ɗan gishiri kaɗan, riɗi cokali biyu, garin citta ko kanumfari don ƙamshi, da ɗan yis na gato a bakin cokali. Cuɗa, ki mulmula ƙanana, ki danne da cokali mai yatsu. A tanda mai zafin digiri 180 minti 10 zuwa 12 ya isa. In babu, tukunya da yashi a ƙasa bisa gawayi, kamar yadda ake gasa gaton suna. In Inna ta nace sai da zaƙi, ɗan stevia na farmasi, kaɗan, don in ya yi yawa ɗaci yake.

Amma ki ji sauran. Ki tsince gyaɗar da kanki, duk wadda ta yi baƙi, ta yanƙwane ko take warin ruma ki zubar. Rumar gyaɗa na ɗauke da dafin da ake kira aflatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Na biyu, gyaɗa kusan rabinta mai ce, biskit ɗin guda biyu ko uku sun isa, ba a cika kwano ba. Na uku, kada wani ya ce ki sa garin aya don ita ma ba ta da gulutin. Aya tamu ce, muna alfahari da ita, amma tana da sitaci da zaƙinta na halitta. In ƙiwa ta kama ki, ƙuli-ƙuli ma ya wadatar, sai dai ki tambayi mai yi ko ta sa sukari ko ta ƙara gari don ya yi auki, wasu na yi. Ƙwai dafaffe ko kwaɗon zogalen Jiratawa da rana ya fi kowane kwali.

Gwaggo, yarona ɗan shekara 4 kullum gudawa da kumburin ciki, ba ya girma kamar sa'o'insa. Maƙwabciya ta ce in daina ba shi burodi da taliya, in koma biskit marar gulutin. Wata uwa daga Madarunfa.

Allah sarki, na ji damuwarki har cikin raina. Akwai ciwon hanji na gaske da gulutin ke tayarwa, yana kama kamar mutum ɗaya cikin 100 a duniya, kuma alamunsa na iya kama da waɗannan. Amma tsutsar ciki da ruwa marar tsabta da tamowa ma haka suke yi, kuma su suka fi yawa a wajenmu. Kai shi babbar likita a Maradi wajen lokotoron yara, kada ki tsaya. Kuma kada ki cire masa alkama kafin a yi awo, don in ya daina ci, awon jinin na iya nuna lafiya lau alhali ciwon na nan. In an tabbatar shi ne, kununsa na gero da wake da ƙwai da gyaɗa za su riƙe shi, ba sai kin sayar da akuyarki don biskit ba.

Gwaggo, ni direba ne, Maradi zuwa Yamai. Ina allurar insulin. Na ajiye biskit marar sukari a mota saboda in jikina ya fara rawa in ci. Na yi daidai?

Ɗana, ba ka yi ba, kuma ka gyara yau ɗin nan. Rawar jiki da gumi da jiri alamar sukarinka ya faɗi ne, a lokacin sukari na gaske kake bukata da gaggawa. Faka a gefen hanya, ka sha ƙwayar sukari 3 ko rabin kofin lemo mai zaƙi, ka jira minti 15, in bai saki ba ka ƙara, sannan ka ci abinci kafin ka sake kama sitiyari. Sukarin ya zauna a aljihun rigarka, ba a but ba, kuma yaron motarka ya san inda yake.

Gwaggo, in na sha shayi da madarar gwangwani mai kauri amma na haɗa da biskit marar sukari, ai sun kashe juna ko?

Madarar nan kusan rabinta sukari ne. Ba su kashe juna ba, kuɗinka suka kashe.