Amsa ga Alhaji kan yaronsa mai son karatun lauya a Jamus

Alhaji, ranka ya daɗe. Ka ce yaronka ya kafe sai karatun lauya a Jamus, kai kuma so kake ya riƙe maka kasuwanci, shi ne kake tambaya ko lauya na iya jan kamfani. Shekarata 14 a Nuremberg, kuma a maƙwabtanmu Erlangen akwai mutumin da labarinsa ya amsa tambayarka: Heinrich von Pierer.

A can aka haife shi a 1941, a can ya karanta shari'a da tattalin arziki. Ya shiga Siemens a 1969 ta sashen lauyoyi, bai taɓa zama injiniya ba, amma a 1992 shi aka miƙa wa ragamar kamfanin injiniyoyin nan, ya riƙe har 2005. Shekara 18 kuma yana kansila a garinsu. Shi ya yanke sashen da ya zama Infineon, kamfanin ƙera ƙananan sassan na'urorin lantarki, shi ya kai hannun jarin Siemens kasuwar New York a 2001. To ka ga lauya na iyawa.

Sai dai shigar New York ɗin nan ita ta sa kamfanin a hannun dokar Amurka. Kafin 1999, ba laifi ba ne a dokar Jamus kamfani ya ba jami'in wata ƙasa na goro, har ana cire kuɗin daga haraji. Doka ta sauya, hali bai sauya ba. Da asiri ya tonu a 2006, har sunan Najeriya ya fito a kotun Munich kan kwangilolin sadarwa. Von Pierer ya sauka daga shugabancin majalisar sa ido ta kamfanin a 2007, Siemens ta biya tarar kusan dala biliyan 1.6 a Amurka da Jamus, shi kuma ya biya kamfanin yuro miliyan 5, yana mai cewa bai san komai ba. Ni dai wannan "ban sani ba" daga bakin lauya ba ta shige ni.

Yanzu batun yaronka. Karatun lauya a nan wuya gare shi. Jarabawar gwamnati biyu ce, tsakaninsu horon shekara 2 a kotu da ofisoshin lauyoyi, wanda ya faɗi sau biyu galibi shi ke nan. Ɗiyar maƙwabciyata na gani da idona, tana yawo da jan littafin dokoki mai kaurin bulo, shekara guda ko bikin dangi ba ta zuwa. Ita fa da Jamusanci ta tashi.

Kuma dokar Jamus ce zalla zai koya, ba za ta ba shi damar tsayawa gaban alƙali a Kano ba. In gida kake so ya dawo, ya yi digirinsa a can Najeriya tukuna, ya zo ya ƙara da na biyu kan dokar kasuwanci. Amma ka tambaye shi ko ya fara koyon Jamusancin ma.