Amsa ga Alhajin da mai kiwo ya hana shi yi wa karyarsa barbara

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na ga tambayarka, na kuma ga amsoshin waɗanda suka riga ni, yawancinsu dai "kuɗinka ne, karyarka ce, yi abin da ka ga dama". Ga waɗanda ba su ga farkon zancen ba: Alhaji ya sayi karya berje (irin karen da ake kira berger da Faransanci) daga wani mai kiwo a Duwala ta Kamaru, ya biya ta Orange Money, aka ɗoro ta a jirgin ƙasa zuwa Gaundare, daga can mota ta kawo ta Garwa. Yanzu watanta 11, ta fara jini, maƙwabcinsa yana da namiji. Da mai kiwon ya ji labari sai ya ce bai yarda ba, akwai sharaɗi a kan takardar asalinta, duk abin da ta haifa ba zai samu takarda ba, har yana cewa zai zo ya karɓe abarsa. Alhaji yana son ya san ko mutumin yana da wannan ikon.

Na daɗe ina kiwon karnukan gadi a nan Garwa, na saya na kuma sayar, saboda haka na san zafin kowane ɓangare. Maganar zuwa ya ɗauke ta, barazana ce kawai, sai fa in ka sa hannu a wata takarda da ta ba shi wannan damar. Ko ka sa hannun ma, ba zai faɗo gidanka haka nan ba, sai ya bi ta wisiye, wato mai isar da takardun shari'a da zartar da hukunci, da kotu. Amma batun takardar 'ya'yan, a nan yana iya fin ƙarfinka, kuma ba abu ne da za a warware a ofishin 'yan sanda ba. Sharaɗin a kan rajista yake, ba a kan cikin karya ba. Ba wanda zai hana ta haihuwa. Abin da ake iya hana 'ya'yanta shi ne shiga kundi.

Takardar asali ta gaskiya ba mai kiwo ke yin ta ba. Ƙungiya ce mai riƙe da kundin rajista take bayarwa, kuma kowace da tsarinta. A Amurka akwai AKC, tun 1884. Mai kiwo yana iya yi wa ɗan kwikwiyo cikakkiyar rajista ko taƙaitacciya. Mai taƙaitacciyar shi ma kare ne mai asali, sunansa na cikin kundi, sai dai 'ya'yansa ba za su shiga ba, shi ma ba ya shiga gasar da ake duba ƙirar jiki. Ko launin gefen takardar ba ɗaya ba ne: cikakkiya shunayya, taƙaitacciya ruwan lemo. Wanda ya yi rajistar haihuwar shi kaɗai ke da ikon neman a mayar da ita cikakkiya. In ya ƙi, shi ke nan.

Na Ingila, wato Kennel Club da aka kafa a 1873, sun fi adalci a ganina. Su ma mai kiwo yana iya sa sharaɗin kada a yi wa 'ya'ya rajista, ko kada a ba da takardar mayar da karen kundin wata ƙasa. Amma wajibi ne ya sanar da mai saye a rubuce, mai saye ya sa hannu cewa ya sani, kafin a miƙa masa karen ko a lokacin miƙawa. In babu wannan sa hannun, mai saye yana iya kai kuka, ƙungiya ta cire sharaɗin ko mai kiwo bai so ba. Ka riƙe wannan ƙa'idar da kyau, don ko takardarka ba ta Ingila ba ce, da ita za ka auna mutuminka.

Faransa kuwa, wadda 'yan kasuwarmu suka fi ambato, hanyarta daban ce. Kundinsu shi ne LOF, tun 1885. Takardar haihuwa kawai ake ba ɗan kwikwiyo. Sai ya girma, wajen shekara ɗaya zuwa wata 15 gwargwadon irinsa, a kai shi gaban alƙalin ƙungiya ya duba haƙora da tsayi da launi da hali, in namiji ne ya tabbatar ƙwayayen biyu sun sauko, sannan a ba shi cikakkiyar takarda, sannan 'ya'yansa su shiga kundi. Boerboel ma, wani irin babban karen gadi, a Afirka ta Kudu haka ne, sai an auna shi an ba shi maki kafin a karɓe shi cikin masu haihuwa. In takardarka irin wannan ce, to ba mai kiwon ne ya ɗaure ka ba, kuma ba shi zai kwance ka ba. Nisan da ke tsakaninka da alƙalin ne matsalarka.

Duk wannan jawabi na kawo shi ne don ka ɗauko takardar ka duba ta da idon basira. Sunan wace ƙungiya ke kanta? Akwai lambar rajista? Lambar ɗan ƙarfen da ake sa wa kare ƙarƙashin fata, mai alƙaluma 15, ta yi daidai da abin da na'urar likitan dabbobi ta karanto a jikin karyar? Na Faransa da 250 suke farawa. Kwikwiyon da aka haifa a Duwala, ko iyayensa duka daga Faransa aka kawo su, ka tambaya wane kundi ne ya ɗauke shi shi kansa. Yawancin takardun da na gani a nan da Marwa da Kusiri, mai kiwo ne ya buga su a kwamfuta, hoton kare a sama, hatimin gidan kiwonsa a ƙasa, sunayen kakanni kuwa sai wanda ya gani. Wasu ma littafin rigakafi suke miƙa wa mai saye su ce ga takardu. Irin wannan ba wata ƙungiya a bayanta, don haka sharaɗin da ke kanta alkawari ne tsakanin mutum biyu kawai, iyakar abin da zai iya yi shi ne ya hana ka sa hannunsa da sunan gidansa. Kada ka raina wannan ɗin ma, domin a ƙasar da kundi ya yi nisa, sunan mai kiwo shi ne abin da masu saye ke dogara da shi.

Yanzu bari in ɗan shiga rigar mutumin Duwala, tunda ba ya nan balle ya kare kansa. Berje yana da ciwon ƙugu na gado. Ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa, kare yana ƙarami ba ka ganin komai, sai ya yi nauyi ka ga yana jan baya, tashi daga kwance ya zama aiki. Ba a gane shi sai da hoton ƙashi, kuma a tsarin FCI, babbar ƙungiyar duniya da aka kafa a 1911, mai mazauni a Beljiyam, ba a karɓar hoton sai kare ya cika shekara, manyan iri ma sai shekara da rabi. Ana ba da daraja daga A zuwa E. Taka ba ta ma kai shekarun hoton ba. Ƙungiyar Ingila ba ta yi wa 'ya'ya rajista in an yi wa uwarsu barbara kafin ta cika shekara, ko in ta riga ta haihu sau 4. Ba mugunta ce ta sa suka yi haka ba. Karyar da ba ta gama girma ba, ciki yana cin ƙashinta, wata ta kasa haihuwa da kanta, wata ta haifa ta kwanta a kansu.

Na taɓa sayar wa wani mutum mace, muka yi magana ya jira ta shekara biyu. Jinin farko ya haɗa ta da wani kare da ba a san ubansa ba, ya sayar da 'ya'yan yana cewa jinin gidana ne. Da suka fara ɗingishi, ni aka riƙa kira a waya, mutanen da ban taɓa gani ba suna neman in mayar musu da kuɗinsu. Shi ya ci riba, ni na sha zagi. Duk mai kiwon da ya san abin da yake yi, wannan yake gudu. Akwai kuma batun farashi: da yawa suna sayar da mai sharaɗi da rahusa, mai cikakken izini da tsada. Ka tuna da kyau, wane farashi ka biya? Ban ce dukansu masu tsoron Allah ba ne. Akwai wanda ba lafiyar iri ce ta dame shi ba, kishin kasuwa ne, ba ya son wani ya fara sayar da berje a arewa ya tare masa masu saye. Wannan za ka gane shi da tambaya ɗaya: me zan cika ka cire sharaɗin? Mai gaskiya zai lissafa maka. Mai kishi sai ya yi ta kewaye-kewaye.

Inda na ga laifinsa, in har yadda ka faɗa haka ne, shi ne bai gaya maka ba sai da kuɗi suka shiga. Sharaɗin da aka fito da shi bayan an gama ciniki bai hau kan kowa ba. Amma kafin ka ɗaga murya, ka koma WhatsApp ɗinku tun daga sallamar farko, har da saƙonnin murya. Dokar farar hula da ake aiki da ita a wannan yanki, sashe na 1134, ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida tana zama doka ga waɗanda suka ƙulla ta. Wuƙa ce mai kaifi biyu. In a wani saƙo ya ce ta gadi ce ba ta haihuwa ba, kai kuma cikin ɗokin hoton kwikwiyo ka ce ba matsala, to ka ɗaure kanka, kuma a addini ma Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Masu cewa cinikin kare tun asali haramun ne, na ji ku. Hanin ya zo, kuma malaman Malikiyya sun yi saɓani a kan karen da aka yarda a riƙe don gadi ko farauta ko kiwo. Wannan fagen malamai ne. In ka je wurinsu, Alhaji, ka haɗa da tambayar hukuncin cinikin da aka gindaya masa sharaɗin da ke tauye mai saye.

Da ni ne kai, kotu ba ta cikin lissafina. Kuɗin lauya da zirga-zirgar Duwala za su ninka kuɗin karyar, kuma ko ka yi nasara, alƙali ba shi ke riƙe da kundin ba. Kira shi cikin ruwan sanyi ka ce ka janye maganar barbara a wannan karon, kana so ku rubuta abin da zai buɗe hanya nan gaba. Ta kai shekara biyu ko kusa da haka. A ɗauki hoton ƙugu a tura masa. Rigakafinta ya cika, musamman na haukan kare da na gudawar jini mai kashe 'yan kwikwiyo. Ya amince da namijin. Sannan ko ka cika masa bambancin farashi, ko ya ɗauki ɗa guda. Fulaninmu in sun ba mutum habbanaye, wato aron saniya, tun ranar da aka kora masa saniyar kowa ya san haihuwa nawa za ta yi kafin ta koma garkenta, shi ya sa ba ka cika jin rigima ba. Ku ma ku yanke komai tun yanzu.

Wannan na "ɗa guda" shi ya fi haddasa faɗa, don haka ka tsaya a kansa. Daga haihuwa ɗaya ne ko duk haihuwa? Shi zai fara zaɓa ko kai? In guda ɗaya tak ta haifa fa? In suka mutu kafin yaye, bashi ya bi ka zuwa haihuwa ta gaba? Wa zai biya kuɗin kai kwikwiyon kudu? Na ga abokai sun daina gaisawa a kan waɗannan. Kuma kada ka yarda sunansa ya zauna tare da naka a matsayin masu karyar su biyu, don daga nan ba abin da za ka sa wa hannu sai da shi. A rubuta, kowa ya sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya riƙe tasa.

Akwai abin da ba ka faɗa mana ba, kuma yana iya kashe maganar gaba ɗaya: karen maƙwabcin naka, yana da takarda? In ba shi da ita, ko mai kiwon ya cire sharaɗinsa gobe da safe, takardar uwa kaɗai ba ta isa ta sa 'ya'yan su samu cikakkiyar rajista ba. Kun yi ta jayayya ke nan a kan abin da babu. Gaskiya kuma masu saye a Garwa ba kasafai suke tambayar asali ba, su dai babban kai da murya mai firgita ɓarawo. In wannan kasuwar kake so, kuma ka tabbata ba ka ɗauki alkawari ba, ba mai hana ka, amma ka sayar da su a matsayin abin da suke, kada ka ambaci sunan gidan mutumin.

Ko ba don sharaɗi ba ma, lokacin bai dace ba. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka. Yanzu muna ƙarshen Janairu, in ta ɗauka, haihuwar za ta faɗo farkon Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40, ga ɗauke wuta. Berje babba ma da ƙyar yake sha a wannan watan, balle jarirai. Ka kulle ta na tsawon mako uku har jinin ya wuce sarai, a ɗaki mai ƙofa da rufi, don katanga ba ta hana namiji, kuma ka ja wa yaran gida kunne kada su buɗe mata da dare. Ka ɗauki hoton takardar gaba da baya, ka rufe sunanka da lambar wayarka, ka turo nan mu ga ko ta wace ƙungiya ce.