Maganin da ake sanyawa a kunci da ƙarƙashin harshe: amsoshin tambayoyinku

Tambaya daga Fagge: Likita, an rubuta wa mahaifina ƙwayar ciwon ƙirji, aka ce ya riƙa sanya ta a ƙarƙashin harshe, amma shi da ruwa yake haɗiye ta. Akwai matsala?

Akwai matsala ƙwarai, Malam. Duk abin da aka haɗiye sai ya bi ta hanta kafin ya zaga jiki, ita kuwa hanta tana lalata mafi yawan wannan magani, wato nitroglycerin, tun bai kai inda ake bukatarsa ba. Fatar cikin baki siririya ce mai yawan ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa maganin yake shiga jini kai tsaye, ya fara aiki cikin minti 1 zuwa 3. Baba ya zauna kafin ya sanya ta domin takan kawo jiri, kuma ya bar ta ta narke da kanta, kada ya tauna goro ko ya sha ruwa a lokacin. A bar ƙwayoyin cikin kwalbarsu ta gilashi, nesa da zafin Kano, domin zafi yana rage musu ƙarfi. Idan ciwon bai lafa ba bayan minti 5, ku garzaya da shi asibiti.

Tambaya daga Gwale: Ɗana yana fama da farfaɗiya, an ba mu maganin ruwa na sanyawa a kunci. Ina tsoron ya shaƙe.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, maganin, wato midazolam, ɗan kaɗan ne. Ana amfani da shi idan jijjigar ta wuce minti 5. Ki kwantar da yaron a gefensa, ki ɗiga maganin a hankali tsakanin kunci da dasashi, gwargwadon abin da likitansa ya ƙayyade, ki kuma lura da numfashinsa. Ina roƙonki, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa.

Tambaya daga Tarauni: Idan jinina ya hau, zan iya sanya nifedipine, maganin hawan jini, a ƙarƙashin harshe?

A'a, Alhaji. Wannan dabara ta daɗe tana damuna, domin jini yana iya faɗuwa farat ɗaya har ya jawo shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Ka je a auna ka, a saukar da shi sannu a hankali.