Tambayi Lokotoro: awon jini a fada, tramol, da fitsarin dare

Tambaya: Lokotoro, ni ne shugaban wata fada, wato majalisar hira da shan shayi ta maza, a nan Tawa. Cikin damina ɗaya daga cikinmu ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, aka ce tansiyo ce, wato hawan jini. Muna so mu yi karo-karo mu sayi abin awon jini. Ya dace?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ɗan'uwa. Ya dace ƙwarai, kuma na ji daɗin wannan tambaya. Matanmu suna zuwa awon ciki, suna kai yara rigakafi, ana duba su a kai a kai. Namiji kuwa sai an ɗauko shi ranga-ranga. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya shekaru da shi bai ji ko ciwon kai ba.

Ku sayi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu gaskiya. Ku tsayar da rana guda a mako, a yi awo kafin a ɗora buta a wuta, domin shayi, goro da taba suna ɗaga jini. Wanda ya riga ya sha ko ya ci ɗaya daga cikinsu, ya jira minti 30 kafin awo. Mutum ya zauna minti biyar shiru, ya jingina bayansa, ya ɗora hannu daidai ƙirji. A auna sau biyu, a rubuta a littafi. Wanda ya kai 140/90 a ranaku daban-daban, ku raka shi CSI, wato ƙaramin asibitin yankinku. Wanda ya kai 180/120 da ciwon ƙirji, duhun gani ko nauyin baki, asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Abin da nake tsoro guda ne: kada fada ta koma farmasi. Kada wani ya ba abokinsa ƙwayar da aka rubuta masa. Sannan ku dubi sukarin da ake zubawa a shayi na biyu da na uku, ku kuma yi magana da iyali kan gishiri da dunƙulen Maggi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan.

Irin wannan haɗuwa ta maza ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Makarantun mazaje da aka soma a jihar Damagaram da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a, sun sa magidanta tsayawa kan lafiyar matansu masu ciki. Lokaci ya yi da za mu zauna kan tamu.

Tambaya: Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a Ƙonni. Ba ya fita aiki sai ya sha tramol, kwanan baya har ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Amsa: 'Yar'uwa, jijjigar nan alama ce mai hatsari, tramol na haddasa ta idan ya yi yawa. Ku kai shi asibiti a wannan makon. Kada a raba shi da ƙwayar dare ɗaya, jikin da ya saba yana shiga zufa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, sai ya koma. Ana ragewa ne sannu-sannu ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Ɗauri da duka ba sa magani. Ki nemi shugaban tasharsu ko abokin da yake jin maganarsa, ku tafi tare.

Tambaya: Shekaruna 62, daga Madawa. Ina tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, yana fita da ƙyar. Ina jin nauyin faɗa wa kowa.

Amsa: Baba, ba kai kaɗai ba ne, sa'o'inka da yawa na fama da shi a ɓoye. Galibi kumburin prostat ne, wani ƙullutu a ƙasan mafitsara da ke girma bayan shekara 50 ya matse hanyar fitsari. Yawanci ba kansa ba ce, amma sai an duba: gwajin jini na PSA, awon sukari, da dubawar hannu wadda ba ta wuce minti ɗaya ba. Kana iya neman namiji ya duba ka. Ka rage shayi da ruwa bayan isha'i. In ka ga jini a fitsari, ko ya tsaya cak mara ta kumbura, kada a jira wayewar gari, a kai ka asibiti a sa maka sonda, wato robar fitar da fitsari.