Ka fara bin wayar da ke bayan talabijin

Ka ce mutum uku masu kallo ta kebul sun ɗaure maka kai tun da aka fara sanarwar kashe analog, wato tsohon tsarin watsa talabijin, a koma sabon tsarin dijital. Na farko ya sayo akwatin juya sigina, ya jona, bai ga komai ba. Na biyu bai sayi ko allura ba, kuma yana ta kallonsa. Na uku ya wayi gari wasu tashoshinsa sun ɓace, yana ta zagin gwamnati. Kana tambaya wanne za ka ce ya yi daidai.

To, yaro, tunda aikin haɗa talabijin kake koya, ka sani sauyi biyu ne ake kira da suna ɗaya, kuma daga nan duk rikicin ya taso. Akwai na gwamnati, wanda ya shafi siginar da ke tashi daga dogon ƙarfen gidan talabijin, ta bi iska, eriya ta kama. Hanyoyin iska ƙididdigaggu ne, hukuma ke raba su, kuma tana son karɓe wani sashe ta ba kamfanonin wayar salula, shi ya sa take sa rana ta ce daga yau an kashe. Akwai kuma na kamfanin kebul. Shi siginarsa a cikin wayarsa take tafiya, ba ta tare wa kowa hanya a iska, don haka ranar da aka sa ba ta hau kansa ba. Yana iya karɓar tashoshi a dijital a cibiyarsa, ya mayar da su analog, ya turo wa tsohuwar talabijin. Abin da ya faru da mutuminka na biyu ke nan.

An yi wannan ɗimuwa sosai a Amurka. Manyan tashoshinsu sun kashe analog ranar 12 ga Yuni 2009, bayan an ɗaga daga 17 ga Fabrairu saboda mutane da yawa ba su shirya ba. Gwamnati ta raba takardar rangwame ta dala 40, har biyu ga kowane gida, don sayen akwatin juya sigina, kuma akwatin na masu eriya ne. Hukumar sadarwarsu, FCC, ta wajabta wa kamfanonin kebul su tabbatar masu tsohuwar talabijin sun ci gaba da ganin tashoshin yankinsu har zuwa 2012. Amma a daidai wannan lokacin kamfanonin suna ta kwashe wasu tashoshi daga analog zuwa dijital don amfanin kansu. Mai kallo ya ji sanarwa a talabijin, ya ga tasha ta ɓace, sai ya haɗa biyun. Ni a ganina kamfanonin ba su wahalar da kansu wajen warware masa ba, tunda ruɗanin yana kawo musu masu hayar dikoda. A Jamus ma abin bai zo rana ɗaya ba: Berlin ta kashe analog na iska tun 2003, na tauraron ɗan'adam ya tsaya a Afrilun 2012, manyan kamfanonin kebul kuwa sai tsakanin 2017 da 2019 suka kashe nasu.

Dalilin kamfani wuri ne. Gurbin da tashar analog ɗaya ke cinyewa a waya, megahaz 6 a Amurka, 7 ko 8 a Turai, in an mayar da shi dijital zai ɗauki tashoshi wajen goma masu hoto na yau da kullum, ko biyu zuwa uku masu HD, wato hoto mai tsabta sosai, ko a ba intanet. Wa zai bar irin wannan fili a hannun tasha ɗaya? Mutuminka na uku kamfaninsa ne ya kwashe masa tashoshi, can zai kai kuka.

Shi ya sa idan ka shiga gida, kada ka fara da tambayar shekarun talabijin. Zagaya baya, kama wayar, bi ta. Ina ta nufa? Eriya a kan rufi, ko farantin tauraro, ko wayar kamfani da ta shigo daga titi? Kada ka dogara da amsar mai gida, domin da yawa duk abin da suke biya a wata kebul suke ce masa. A gidajen bene ma wayar bango takan yaudari mutum: soket ɗin iri ɗaya ne, amma wata tana zuwa babbar eriya ta gidan gaba ɗaya, wata tana zuwa kamfani. Nemi mai kula da ginin ka tambaya.

Sai maganar akwati. Dijital ba abu ɗaya ba ne. A Amurka na iska ATSC ne, na kebul QAM. A inda ake bin tsarin Turai, na iska DVB-T ko DVB-T2, na kebul DVB-C, na tauraro DVB-S ko S2. Ramin da ake ɗaura wayar yakan zo iri ɗaya, shi ke rudar mutane, amma abin kama sigina da ke ciki daban ne. Ka jona akwatin eriya a wayar kebul ka yi ta bincike har dare, ba tashar da zai kamo, kuma lafiyarsa ƙalau, kamar yadda ya faru da mutuminka na farko. Haka sabuwar talabijin: karanta takardar da ke manne a bayanta ko littafinta ka ga wanne take da shi. Ko tana da na kebul ɗin, in kamfani ya kulle tashoshinsa sai da katinsa ko dikodarsa. Kada ka taɓa yi wa mutum alkawarin cewa sabuwar talabijin za ta raba shi da dikoda kafin ka san ko a kulle tashoshin suke.

Inda za ka sha faɗa shi ne gida mai talabijin uku ko huɗu. A zamanin analog waya ɗaya ake rarrabawa ɗaki-ɗaki, kowa ya murɗa tashar da yake so. Yanzu kowace tsohuwar talabijin sai da nata akwatin da nata rimot. Faɗa wa mai gida wannan tun kana bakin ƙofa, kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya.

Kuma wannan rarrabawar ce ke tona asirin tsohon aiki. Analog mai haƙuri ce, in sigina ta yi rauni hoto ya yi dishi-dishi, a ci gaba da kallo a haka shekara da shekaru. Dijital ko dai hoto tas, ko ya daskare ya farfashe gida-gida, ko allo ya yi baƙi. Kowane abin raba waya gida biyu yana cin wajen desibel 3.5 na ƙarfin sigina, mai gida huɗu wajen 7, in kuma an jera su a jere asarar tana taruwa. Ƙara da siririyar waya RG-59 da aka ja nesa, da kan waya da aka murɗa da hannu ya yi tsatsa. Mai gida zai rantse dijital ce ba ta da kyau, alhali wayarsa ta daɗe da gajiya. Cire rarrabawar da ba a amfani da ita, sa waya mai kauri RG-6, matse kawunan da abin matsewa. A menu na dikoda za ka ga ma'auni biyu, ƙarfi da inganci. Ingancin za ka sa wa ido, don ƙarfi yana iya cika alhali siginar cike take da hayaniya.

Kafin duk wannan, gwada masu arha. Duba ko talabijin na kan AV ko HDMI ɗin da aka jona, sannan ka sake binciken tashoshi, domin kamfani yakan matsar da su. Kira da yawa a nan suke ƙarewa. In kuma mutum ya ce ya koma dijital amma hoto bai ƙara kyau ba, gaya masa dijital daban, HD daban, tsohon allo kuma ba zai nuna fiye da abin da aka ƙera shi da shi ba.

Shi kuwa na farko, in shago zai karɓi akwatin ya mayar. In ba zai karɓa ba, ɗaura masa 'yar eriya a talabijin ɗin ɗaki ka jona akwatin a can, ya riƙa kama tashoshin iska na kyauta, ka rage masa hayar dikoda ɗaya.