Golf, 406 ko Hilux: amsa ga ƙanenmu mai neman motar farko

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ka yi tambaya, ka ce Allah ya yi wa riɗinka albarka bana, kana so ka sayi motarka ta farko, garinku yana can bayan Gumel, kuma daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gidanku duk rairayi ne. Ka lissafo Golf 3 wagon da Fijo 406 da tsohuwar Hilux, ka ce a faɗa maka wacce ta fi wuta. Allah ya sanya alheri, ya sa a hau lafiya. Na ga yawancin amsoshin sun tsaya a kan wacce ce malejinta ya fi nisa. Ni dai da sitiyari na ci abinci a hanyar Kano zuwa Gumel da Maigatari tun ina yaron mota, don haka abin da hanyar ta nuna mini zan faɗa maka.

Golf ɗin nake ba ka shawara, mai giyar hannu, mai inji 1.8. Dalili ba wani ɓoyayye ba ne: je ka tsaya a kasuwar Gujungu ranar Lahadi ka ƙirga motocin haya da ke sauke mutane da buhuna, ka ga wacce ta fi yawa. Direbobin nan ba don kyau suka zaɓe ta ba. Ba ta shan mai sosai, bayanta yana ɗaukar kaya, kuma babu garin da za ka shiga tsakanin Gezawa da Haɗejiya ka rasa bakaniken da ya san cikinta da wajenta. Abin da babu a Gumel, ka aika kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da safe, kafin magariba wani direba ya taho maka da shi. Wannan shi ne abin da mutumin ƙauye ya kamata ya fara aunawa, domin motar da sai an ɗauko mata bakanike daga birni kullum tana ƙarƙashin bishiya a ajiye. Sai dai ka sani tsohuwa za ka saya. A 1991 Volkswagen ta fara yin Golf 3, wagon ɗinta kuma an daina yin ta tun 1999, wato ko autarsu ka samu ta haura shekara ashirin da biyar. Ka ware kuɗin gyara tun kafin ka biya, kada ka zube duk abin da ke aljihunka a wurin dillali.

406 kuwa, gaskiya a kan kwalta ta fi Golf daɗi nesa ba kusa ba. Tana kama titi, tana shan kwana ba tare da ta yi maka rawa ba, mai inji 2.0 ɗin kuma idan ka ba ta wuta Golf 1.8 sai dai ta hango ƙurarta. To amma ƙasa take, ƙafafunta na baya suna da robobi da ƙarafa da yawa waɗanda gargada ke ci da wuri, sannan na baya-bayan nan wayarin ɗinsu da ƙwaƙwalwarsu ba kowane mai gyaran wuta ne ke gane musu ba. Da a Dutse kake aiki kana zuwa gida ƙarshen mako, da ita zan ce ka ɗauka.

Ba zan wuce zancen Fijo ban ambaci 504 ba, ko da ba ta cikin lissafinka, saboda ita ce motar da nake ƙauna har gobe. A 1968 ta fito a Faransa, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya yi ta haɗa ta shekara da shekaru, har bayan Turawa sun daina yayinta. Ita ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, a hanyoyin laka da duwatsu irin namu. Da tayoyin baya take turawa, cikinta a ɗage yake, sifirin ɗinta mai tsawo ne, in ta faɗa rami sai ka ji ta haɗiye shi ta wuce. Wagon ɗinta mai layi uku ita ta yi jigilar iyayenmu. Yau samun mai lafiya da kayanta na asali ya yi wuya, ga shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wannan lissafin ya fi ƙarfin ƙauna. Shi ya sa ban ce ka neme ta ba.

Hilux ba sa'ar waɗannan ba ce. Toyota ta fara yin ta a 1968, kuma a yaƙin Chadi da Libiya a 1987 da irin waɗannan motocin na Toyota sojojin Chadi suka riƙa keta sahara, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Idan da a fadamar Guri ko Kirikasamma kake, inda damina ke raba gari da gari, ba sai an yi dogon zance ba. Amma kuɗin tsohuwar Hilux mai lafiya zai saya maka Golf har da canji mai kauri, kuma wadda za ka samu da arha galibi ta gama wahala a hannun wata ma'aikata ko 'yan kwangila. In har ita zuciyarka ta kwanta da ita, tabbatar ogzilarinta, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, yana shiga yana fita, domin da yawa an cire musu shaf ɗin gaba an bar sunan kawai. Ka kuma sani bayanta ba nauyi idan babu kaya, a kan burji ko kwaltar da ruwa ya jiƙa tana iya juya maka baya kafin ka ankara.

Yanzu rairayin garinku, wanda shi ne ainihin jarrabawar. Mutane suna ɗauka ƙarfin inji ne ke fitar da mota daga yashi. Iskar taya ce da hannun direba. Masu faci da yawa sukan ɗura wa taya iska har 45 ko 50, alhali ƙaramar mota 30 zuwa 33 take so, kuma an rubuta a jikin ƙofa ko murfin tanki. Taya mai tauri haka tona ƙasa take yi. In ka iso bakin yashi mai zurfi, tsaya a wuri mai tauri, ka sa tsinke a bakin bawul ka rage iskar zuwa wajen 20, har ka ga cikin tayar ya ɗan baje. Ka tashi a hankali, ka shiga giya ta biyu, ka riƙe totur a wuri ɗaya, kada ka canja giya a tsakiyar yashin, kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi, ka bi sawun da amalanke ko wata mota ta riga ta danne. Da sassafe yashi ya fi kamewa, da azahar ya fi sakewa. Idan ka ji ta fara nitsewa, ɗauke ƙafarka nan take. Duk daƙiƙar da ka ƙara kana taka totur, rami kake haƙa wa kanka, ga kuloci yana ƙonewa har ka ji ƙaurinsa. Ka sauko, ka kwashe yashin gaban tayoyin da hannu, ka shimfiɗa karan dawa ko tabarmin ƙafa na motar, ka ɗan ja baya a kan sawunka, sannan ka sake tahowa. Golf da gaba take ja, don haka in ka jibge mata buhuna a baya gabanta ya ɗage, ka rage mata ƙarfin kama ƙasa ke nan. Da ka hau kwalta ka mayar da iskar, domin taya mara iska in aka yi gudu da ita zafi take ɗauka ta fashe. Famfon ƙafa da shebur su zauna a but ɗinka dindindin. Ka kuma sa mai walda ya yi maka farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, saboda kaskon baƙin man Golf kusa da ƙasa yake, kututture ɗaya a hanyar gona ya isa ya huda shi.

Batun wuta da ka tambaya, ba zan ce maka gudu ba shi da daɗi ba. Duk wanda ya taɓa riƙe mota mai lafiya a miƙaƙƙen titi da hantsi ya san abin da ake ji. Amma ka yi wannan lissafin tare da ni. Mai gudun kilomita 120 a awa yana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta sauka a kan birki ka riga ka shafe wannan tazarar ko fiye. Tazarar da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita kuma ba ninki biyu take ƙaruwa ba idan ka ninka gudu, ninki huɗu ne: motar da za ta tsaya cikin kusan mita 20 a gudun 60, sai ta ci kusan mita 80 a gudun 120, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau. Ka ɗora wannan a kan hanyar Maigatari ranar Alhamis da yamma, an tashi daga kasuwa, ga garken shanu yana tsallakawa, ga amalanke babu ko ƙyallin fitila, ga mai babur ya ɗauro akuya ya fito daga cikin gero bai waiga ba. Ribar gudun kuma nawa ce? A tafiyar kilomita 100, mai gudun 130 ya riga mai gudun 100 da minti goma sha huɗu kacal. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ma 80 ta yanka wa ƙaramar mota a irin hanyoyinmu, 100 sai a kan babban titi mai hannu biyu, 50 a cikin gari.

A wurina gwanin direba shi ne wanda idonsa ke can nesa. Ya ga ƙura ta tashi a gefen hanya ya san dabbobi ne, ya ga ƙwallo ta gangaro ya san yaro na biye, ya rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba, kuma ba ya wuce tirela sai ya ga ƙarshen hanyar da idonsa. Yawancin taho-mu-gama da na tarar a hanyar nan daga obatekin suka faro, wani ya biyo bayan wani ya fito ba tare da ya ga gabansa ba. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yi yawa tun da mai ya yi tsada, ta saka mota a firi ko ma kashe inji a gangara. Kada ka fara. Inji a kashe birki ya yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, kuma mota mai injekta da kanta take yanke mai idan ka ɗauke ƙafa tana cikin giya, don haka ba abin da ka tsira da shi. In ka nufi wajen Doguwa da Riruwai inda ake hawa da sauka, giya ce za ta riƙe maka motar, birkin da aka daɗe ana dannawa zafi yake yi ya saki.

Wasan mota da samari ke yi a bukukuwa kuwa, ina roƙonka da girman Allah kada a ja ka. Na taɓa tsayawa a wani ɗaurin aure a ƙauye, yara sun yi da'ira suna tafi, wani saurayi yana juya mota da birkin hannu a filin makaranta. Tayar baya ta faɗa wani ɗan kwari da ƙura ta rufe, motar ta yi tsalle ta nufi inda 'yan mata suke tsaye. Allah ya taƙaita, ƙafar yarinya ɗaya ce ta karye, amma na ga fuskar mahaifiyarta lokacin da ta iso da gudu babu mayafi, ban kuma fatan sake ganin irinta. Waɗanda kuke kallo a waya suna wannan juyi, a killataccen fili suke, da hular kwano da ƙarafan kariya a cikin motar, babu ɗan kowa a kusa.

In za ka kashe kuɗi don motar ta ƙara lafiya, fara da taya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe, zafin watan Afrilu a kwaltar Jigawa kuma ba ya yi mata uzuri. Sai birki da shokozoba. Sai matatar iska, wadda a lokacin hunturu take toshewa da ƙura cikin 'yan makonni, motar ta riƙa shan mai tana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin taiki biyu. Kada ka yarda a cika lagireto da ruwan rijiya, kanwa da gishirinsa ne ke toshe ta, kuma a canja bel ɗin tayimin da ka saya ko da mai motar ya rantse sabo ne.

Ranar sayen, tafi da bakaniken garinku, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku je da sassafe ku taɓa injin ku ji da sanyinsa kafin a tayar, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da ƙara. Ku buɗe murfin baƙin mai ku duba ko akwai farin kumfa, alamar ruwa na haɗuwa da mai. Ku ɗaga kafet ku leƙa ƙasan motar saboda tsatsa da walda, ku murɗe sitiyari har ƙarshe ku zagaya a hankali ku saurara ko shaf zai yi ƙas-ƙas. Sannan ku gwada lambar bodi da ta takardu harafi bayan harafi, har da takardar kwastam, kafin ka miƙa ko sisi.