Amsa kan jadawalin da ke gocewa idan an zo bugawa

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kana haɗa takardun sakamakon jarrabawar ɗalibai a Microsoft Word, sunaye da maki suna shigowa daga Excel, komai ya zauna daram a fuskar kwamfuta, amma da an buga sai layukan tsaye su goce, gurbin bayanin malami kuma ya yanke. Na sha fama da wannan a shekarun da na yi ina buga wa wata makarantar sakandare takardu.

Kafin ka taɓa jadawalin, fara duba girman takardar. Kwamfutoci da yawa suna zuwa ne a saite kan Letter ta Amurka, mai faɗin milimita 216, alhali wadda muke saye a kasuwa A4 ce, mai faɗin 210. Da yake yawancinmu mukan matse gefen takarda don jadawali ya shiga, wannan milimita 6 ta isa ta cinye bakin layin ƙarshe. Idan ka bar santimita 2.54 a kowane gefe, filin rubutunka a A4 santimita 15.9 ne, kuma jimlar faɗin layukanka bai kamata ta wuce haka ba. Idan darussan sun yi yawa, ka kwantar da takardar, sai filin ya kai 24.6.

Amma a ganina babban mai laifin shi ne barin Word ya yanke wa kowane layin tsaye faɗinsa gwargwadon abin da ke ciki. Shi ya sa takardar ɗalibi mai gajeren suna take fitowa lafiya, ta mai suna uku a jere kuma ta ture sauran layukan gefe. Ka shiga AutoFit, wato wurin saita faɗin layukan jadawali a Word, ka zaɓi tsayayyen faɗi, sannan ka rubuta awon kowane layi da hannunka, kada ka ja shi da linzamin kwamfuta. Daga nan dogon suna zai naɗe ya sauko ƙasa maimakon ya buɗa gurbin. Sai dai a nan akwai tarko, domin na taɓa buga takardun aji guda cur, rabin bayanin malami duk ya ɓace, ashe an ƙayyade tsayin layukan kwance ne ƙam, babu halin su miƙe. Ka mayar da shi zuwa zaɓin da ke cewa aƙalla kaza. Masu daidaita maki da danna maɓallin tazara kuwa, don Allah su daina, a jingina lambobi dama kawai.

Saura batun ƙ da ɗ da ɓ. Ba kowane salon rubutu ne yake da su ba, kuma idan kwamfutar shagon bugawa ba ta da irin naka, za ta musanya shi da wani mai faɗi dabam, sai naɗewar layuka ta sauya. Saboda haka ni ba na kai fayil ɗin Word shago; ina mayar da shi PDF a gida, in gwada da sunan da ya fi kowane tsawo a ajin, sannan in ce wa mai firinta ya buga a ainihin girmansa, kada ya bar na'ura ta rage shi. Ka buga guda ɗaya ka duba kafin ka saki sauran.